Daga ƙwallon ganima zuwa teburin gwanjo

A watan Afrilun 2016 aka yi gwanjon wasu tsofaffin takardun rubutun hannu a Amurka, aka sallama su a kan sama da dala miliyan 3, alhali a 1999 dala dubu 12 da 'yan kai aka saye su. Dokokin wasan besbal ne na 1857, waɗanda Doc Adams, likita kuma shugaban ƙungiyar Knickerbocker ta New York, ya tsara. Nan take gardamar wane ne uban wasan ta sake tashi.

Wasan dai ya samo tushe daga wasannin sanda da ƙwallo na Ingila, sauran labarin duhu ne. Dillalai kan ce tara kayan besbal ya fara ne da katunan da kamfanonin taba ke cusawa cikin kwalin sigari a shekarun 1880. Ban yarda ba. Tun kafin Cincinnati Red Stockings ta fito fili da biyan dukan 'yan wasanta a 1869, ƙungiyoyin 'yan sha'awa suna da wata al'ada: wanda ya yi nasara shi ke tafiya da ƙwallon. Sai a shafe ta da fenti ruwan zinari, a rubuta sunayen ƙungiyoyin biyu da kwanan wata da sakamako a jikinta, a jera ta a akwatin gilashi a ɗakin taron ƙungiya. Akawuna da 'yan kasuwa ne masu wasa bayan tashi daga aiki, su suka fara adana ganima, kamfanin taba daga baya ya zo.

Inda kuɗi ya shiga, ƙarya ba ta nisa. A 1907 kwamitin Mills, wanda aka kafa don binciken asalin besbal, ya ce Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan a Cooperstown a 1839, bisa wasiƙar wani dattijo guda. Da aka tsinci wata yagaggiyar ƙwallo cikin tsohon akwati, attajiri Stephen Clark ya saye ta dala 5, aka laƙaba mata sunan Doubleday, ta zama ƙashin bayan gidan tarihin besbal da aka buɗe a Cooperstown a 1939. Doubleday kuwa a 1839 yana makarantar soja ta West Point.

Na gaskiyar ma kan ɓullo inda ba a zata ba. Hoton ƙungiyar Brooklyn Atlantics na 1865 cikin wani tsohon albam aka same shi, wanda wani ya saya a tarkacen gida a jihar Maine. A 2013 ya tashi dala 92,000.