Amosanin gwiwa: hanyoyin samun sauƙi

Amosanin gwiwa na samuwa ne yayin da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 365 ne ke fama da shi. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 55.

A yankunan manoma irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin jihar Kano, yawan tsuguno da ɗaukar kaya masu nauyi kan ƙara tsananta ciwon.

Guringuntsin da ya cinye ba ya komawa kamar da, don haka magani rage zafi yake yi.

Likitoci kan fara da motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, da rage ƙiba, da dogara sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Malamai kuma sun halatta salla a zaune ga wanda tsayuwa ta gagara.

Man shafawa na diclofenac ya fi ƙwayarsa aminci, domin yawan shan ƙwayoyin kashe zafi, musamman haɗin da ake saya a kasuwa, na janyo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Allurar da ake yi a cikin gwiwar kuwa sauƙinta na makonni ne kawai.

Idan ciwon ya hana barci da tafiya, akan tura majinyaci Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, inda ake tiyatar sauya gwiwa, sai dai aikin na da tsada.