1957: Shekarar da Indiya ta yi fim a kan manomi, bashi da ɗan fashin daji

Jama'a, yau ga wata magana da za ta yi kama da hira ta nishaɗi, amma ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin tana da alaƙa da halin da muke ciki a ƙasar Zuru.

Masana harkar fim suna da wata gardama da ba ta ƙarewa: wace shekara ce ta fi kowace fitar da manyan finafinai? Amurkawa galibi 1939 suke cewa, shekarar Gone with the Wind da The Wizard of Oz. Wannan nasu ne. Ni dai idan aka tambaye ni a matsayin ɗan Arewa, ɗan manoma daga Manga, 1957 zan ce, kuma ba Hollywood zan nuna ba, Bombay zan nuna.

Ku tuna yadda duniya take a lokacin. A watan Maris na 1957 Ghana ta samu 'yancin kai. A watan Agusta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, Turawa ba su tafi ba tukuna. Jihar Kebbi kuwa sai 1991 za a ji sunanta. Ita Indiya shekararta 10 cif da rabuwa da Ingila, murna ta fara lafawa, talaka ya fara tambaya: to an samu 'yancin, ina nawa rabon? Wannan tambayar ce ta cika finafinansu na shekarar.

A nan gida, silima abin birni ce. Kano tana da Rex tun 1937, aka buɗe Palace a 1952, shekara guda bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300, abin da ya ƙara wa mutane da yawa imanin cewa gidan silima ba wurin mutumin kirki ba ne. Mutanen karkara majigi suka sani, motar gwamnati da ke zuwa da farin ƙyalle ta nuna yadda ake noman auduga da tsabtar gida. Kwarori masu gidajen silima su suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950, kuma ba su da kansu suka zaci abin zai kama haka ba. Mu na ƙauye sai daga baya ya iso mana, ta talabijin da kaset da gidajen kallo masu janareta.

Kafin in shiga Indiya, bari in ba Turawa haƙƙinsu. A 1957 aka fitar da The Bridge on the River Kwai, labarin fursunonin yaƙi 'yan Ingila da Japanawa suka tilasta wa gina gadar jirgin ƙasa a hanyar Burma. Ya kwashe kyautar Oscar 7. Fim ne mai kyau, ba musu. Amma duk ɗan Zuru da ya san yadda ƙasar nan ta ba da sojoji tun zamanin Turawa, ya kuma san dakarun Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82, in ya gama kallo sai ya ji wani iri. An yi wa Burma fim na duniya, namu da suka sha sauro da ruwan sama a dazukanta ba wanda ya yi musu.

To, Mother India.

Mehboob Khan ne ya ba da umarni, an fitar da shi a watan Oktoba na 1957, tsawonsa kusan awa uku. Maimaici ne na wani fim ɗinsa na 1940 mai suna Aurat. Wasu cikinku sun kalle shi ya fi sau goma, amma bari in tuna muku daga inda masifar ta faro, domin yawanci kukan ƙarshe muke tunawa, mu manta farkon.

Daga biki ta faro. Uwar ango ta ranci rupi 500 a hannun mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta Shamu da Radha, aka jinginar da gona. Abin da aka yi da baki shi ne za a riƙa ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona. Abin da ya rubuta a takarda kuwa kashi uku cikin huɗu ne. Tsohuwa ba ta iya karatu ba, dangwale ta yi. Da aka kai ƙara gaban dattawan gari, takarda suka duba, suka ba mai kuɗi gaskiya. Kuma kashi ukun nan kuɗin ruwa ne kawai fa, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba.

Duk wanda ya taɓa karɓar taki ko kuɗi da damina a kan zai biya da buhu in kaka ta yi, ba ya buƙatar fassara a wannan wurin. Ka yi noma, ka yi girbi, ka sussuke, buhunan su bi mota su tafi, rumbunka ya rage rabi. A nan nake ganin hikimar golmo na mutanenmu Lelna, duk da wahalarsa: saurayi ya biya da ƙarfinsa a gonar surukai shekara da shekaru, amma ranar da ya gama ya gama, ba wani littafin bashi da zai gadar wa 'ya'yansa.

Shamu ya ce bari ya share wata fako mai duwatsu don ya ƙara gona. Dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu. Gorin da aka riƙa yi masa cewa mace ke ciyar da shi ya sa ya sulale da dare, ba a sake ganinsa ba. Ambaliya ta zo ta share gari da amfanin gona, 'ya'ya suka mutu, saura biyu. Sukhilala ya ce zai ba Radha abinci in ta ba shi kanta, ta ƙi. Mutanen gari suka ɗaure kaya za su yi hijira, ita ta tsayar da su. Hoton nan da kowa ya sani, mace ta saɓa garma a kafaɗa tana ja a madadin sa, daga nan ya fito.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. 'Ya'yan nan biyu sun girma. Ramu ya zama mai haƙuri, ya yi aure, yana noma yana biyan bashin da bai ci ba. Birju kuwa tun yana yaro yake kallon ana auna hatsinsu ana ba wani, yake kallon awarwaron uwarsa a hannun mai bashi. Akwai wurin da ya matsa sai an nuna masa littafin lissafin, aka miƙa masa, ya buɗe, bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Wallahi wannan wurin ya fi mini wurin harbin ciwo. Daga ƙarshe gari ya kore shi, ya shiga daji, ya dawo da bindiga da dawakai da yara. Ranar auren 'yar Sukhilala ya kashe uban, ya ɗauke amarya a kan doki. Radha ta riga ta yi alkawari ba za a taɓa mutuncin 'yar garin ba, ko 'yar maƙiyinta ce. Ta kira shi, bai tsaya ba. Ta harbe shi. A hannunta ya cika.

Shekara 60 da wani abu ke nan da yin wannan fim. Mu kuma a watan Yuni na 2021 aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri aka kwashi ɗalibai, wasu 'yan matan sai 2023 suka dawo. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60. Ƙauyuka nawa a Danko-Wasagu suka koma kufai, gonaki nawa aka bari? Don haka idan muka kalli Birju a kan doki da 'yar mutane, ba labarin wata ƙasa muke kallo ba.

Abin da ya burge ni da Mehboob Khan shi ne ya ƙi zaɓar ɓangare ɗaya na gaskiya. Ya ɗauki sama da awa biyu yana nuna maka yadda zalunci ya ƙera Birju, har ka ji kana tare da shi. Amma daidai lokacin da ya ɗora hannu a kan yarinyar da ba ta ci masa komai ba, fim ɗin ya janye masa uzuri gaba ɗaya. Mu a muhawararmu ta yau mun rabu biyu: masu cewa an zalunce su ne, a zauna da su, da masu cewa ba ruwanmu da dalili, a gama da su. Kowa ya riƙe rabin fim ɗin ya jefar da rabi.

Sai dai kada a kai kwatancen inda bai kai ba. Birju mutum ɗaya yake nema, wanda ya cuci gidansu. Na dajinmu talaka ɗan'uwansu suke kora daga gona, su sa masa haraji kafin ya yi girbi, wato sun zama Birju da Sukhilala a jiki ɗaya. Kuma akwai abin da ban yarda da fim ɗin a kai ba: ina hukuma? Shekara da shekaru ana cin gumin gida ɗaya da takardar ƙarya, ba alƙali, ba ɗan sanda, sai da abu ya lalace aka bar wa tsohuwa ta ɗauki bindiga ta kashe ɗan cikinta, sannan manya suka zo da furanni suna roƙonta ta buɗe musu sabuwar hanyar ruwa. Ana kiranta uwar ƙasa, amma ita kaɗai ta biya.

Masu maganar sulhu da tubabbu kuma, akwai nasu fim ɗin a wannan shekarar: Do Aankhen Barah Haath na V. Shantaram, ma'ana ido biyu, hannu goma sha biyu. Wani jami'in gidan yari ne ya roƙi a ba shi masu kisan kai shida, ya tafi da su wata busasshiyar gona, ba katanga, ba ankwa, ya ce zai mai da su mutane. An ɗauko labarin ne daga wani gwajin gidan yari marar shinge da aka yi da gaske a masarautar Aundh. Fim ɗin ya samu kyautar Silver Bear a bikin finafinai na Berlin a 1958. Amma ku lura da sharuɗɗan. Mutanen nan an kama su, an yanke musu hukunci, sannan aka yi musu sassauci. Ba makami a hannunsu sai fartanya. Jami'in yana kwana tare da su, yana cin abin da suka ci, ya sa aikinsa da 'yancinsa a matsayin jingina. Da gonar ta yi kyau suka kai kayan lambu kasuwa da araha, dillalai suka ga za a karya musu ciniki, suka sa aka lakaɗa musu duka, su kuma suka ƙi ramawa saboda alkawarin da suka ɗauka. Ƙarshenta shi jami'in ne ya rasa ransa wajen kare gonar daga shanun da aka sako mata. Ku gwada wannan da irin zaman da muke gani a bidiyo, inda ake zuwa teburin sulhu da bindiga a kafaɗa da jigidar harsashi, a tashi kowa ya koma da kayansa.

Sauran biyun zan taƙaita. Naya Daur na B. R. Chopra, Dilip Kumar ne mai keken doki da ɗan mai kuɗi ya kawo motar bas ta kashe musu sana'a, aka yi caca a kan tsere tsakanin doki da mota, mutanen gari suka haɗu suka sari sabuwar hanya da hannunsu. Yana da daɗin kallo, waƙoƙinsa sun yi tashe, amma ni ban saya ba: doki ya ci mota sau ɗaya a fim, washegari fa? Pyaasa na Guru Dutt kuwa masana da yawa sun fi ɗaukaka shi a kan Mother India ma, har mujallar Time ta sa shi cikin finafinai 100 mafi kyau a 2005. Mawaƙi ne da aka wulaƙanta, sai da aka zaci jirgin ƙasa ya kashe shi sannan littafinsa ya yi kasuwa, 'yan'uwan da suka kore shi suka fito neman gado. Marubutanmu da tsofaffin 'yan wasan Kannywood da ake tara wa kuɗin asibiti a Facebook za su gane shi. Sai dai bai taɓa shiga jinin mutanenmu kamar Mother India ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: mu manoma ne kafin mu zama komai.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba, yawancin manyan da suka yi Mother India Musulmi ne: shi Mehboob Khan, da Naushad mai kiɗa, da Shakeel Badayuni mai rubuta waƙoƙin, da ita Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid. Su suka yi fim ɗin da Indiya take ɗauka a matsayin hoton kanta. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga sahun ƙarshe na Oscar a ɓangaren finafinan harsunan waje, fim ɗin Italiya Nights of Cabiria na Fellini ya kayar da shi. Kano kuwa ba ta jira hukuncin Amurka ba. Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a kan silimun Kano a shekarun 1990, ya tarar ana nan ana haska shi, 'yan kallo suna bin waƙoƙin da baki, shekara kusan 40 bayan fitowarsa.

Nargis da Sunil Dutt, wato uwa da ɗan da ta harbe, shekara ɗaya aka haife su, 1929. Wajen ɗaukar wurin gobarar nan wuta ta ƙwace da gaske ta rutsa da ita, shi ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka laƙaba wa suna Ɗan Daba Mai Lasin.