Tarihin ɓawon tangaran na haƙori

Ɓawon tangaran, wanda likitocin haƙori ke kira biniya, wani siririn marufi ne da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba don a gyara launinsu ko siffarsu. Kaurinsa bai cika wuce rabin milimita ba. Ana ɓoye dafewar haƙori da shi, ko ɓantarewa, ko tazarar da ke tsakanin haƙora biyu.

Tangaran ya daɗe da shiga bakin mutane. A 1774 wani mai harhaɗa magunguna a Faransa, Alexis Duchâteau, ya gaji da warin haƙoransa na hauren giwa, ya nemi a gasa masa na tangaran. Amma ɓawon da ake ɗorawa a kan haƙori mai rai, asalinsa daga masana'antar fim ne. A 1928 Charles Pincus, likitan haƙori a Kalifoniya, ya fara yi wa 'yan wasan Hollywood marufan wucin gadi, domin kyamara ba ta rufa wa kowa asiri. Cikin waɗanda ya yi wa aiki har da ƙaramar 'yar wasan nan Shirley Temple, da aka toshe mata giɓin famfara. Da garin da ake manna haƙoran roba ake liƙa su, kuma da an tashi daga ɗaukar fim sai a cire. Ba a cin abinci da su.

Nan gizo ke saƙar: ƙera ɓawon ba wuya, zamansa a kan haƙori shi ne aiki, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 50 kafin a shawo kansa. Michael Buonocore na Rochester a jihar New York ya lura cewa masu fenti kan wanke ƙarfe da asid kafin su shafa, don fentin ya kama. A 1955 ya nuna cewa asid ɗin fosforik yana buɗe ƙananan ramuka a inamel, wato farin rufin haƙori mai tauri, har gam ya shiga ya riƙe. An daɗe ba a kula da bincikensa ba. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya samar da gam mai ƙarfi da ya dace da baki. Sauran aikin ya rage a gefen tangaran ɗin, wanda santsinsa ke hana gam zama. Alain Rochette ya taɓo hanyar a Faransa, sannan a farkon shekarun 1980 Richard Simonsen da John Calamia suka tabbatar cewa idan aka cinye bayan tangaran da asid ɗin haidirofulorik, zai manne daram. Daga nan ɓawon ya zama abin da kan yi shekara 10 zuwa 15, wani lokaci fiye.

Bayan haka sai inganta kaya. Na'urar CEREC da aka ƙirƙiro a Zurich a 1985 ta buɗe hanyar sassaƙa tangaran da kwamfuta, kamfanin Ivoclar kuma ya fito da wani nau'in tangaran mai suna e.max a 2005.

Kyan haƙori dai ya danganta da inda mutum yake. Wushiryar da Ba'amurke kan biya kuɗi a rufe masa, ita mawaƙan Hausa ke yabo, kuma haƙorin Makka ado ne na nunawa, ba a ɓoye shi. Ɓawon tangaran kuwa so yake kada a gane an yi aiki.

Ɗorewar ɓawon ta zo da farashi. Yawanci sai an kankare ɗan inamel kafin a manna, kuma inamel ba ya sake tsirowa, don haka wanda ya sa ɓawo zai riƙa sauya shi har ƙarshen rayuwarsa. A 'yan shekarun nan likitocin Birtaniya sun yi ta kokawa kan masu zuwa Turkiyya neman aiki mai araha, da yawansu su dawo an fere musu lafiyayyun haƙora an kifa musu cikakkiyar hular haƙori, alhali ɓawo suka je nema.