Yadda aka koyi bin salsalar ƙwayoyin gado tsakanin halittu

Tun kafin a san DNA, masana halittu sun lura cewa fiffiken jemage da hannun ɗan Adam tsarin ƙashinsu ɗaya ne, har Richard Owen na Ingila ya fayyace wannan a 1843. Da aka fara karanta jerin sinadaran amino a cikin furotin, sai tambayar ta koma kan ƙwayoyin gado: wace ƙwaya ce a jikin ɓera ko ƙuda take da asali ɗaya da wannan ta mutum? A 1965 Margaret Dayhoff ta tattara jeri-jerin furotin da aka sani a lokacin, waɗanda ba su kai ɗari ba, ta buga su a littafi guda. Needleman da Wunsch sun fito da hanyar jera jeri biyu kafaɗa da kafaɗa a 1970, Smith da Waterman suka inganta ta a 1981, sannan aka buɗe GenBank, rumbun adana jeri-jerin DNA, a Los Alamos ta Amurka a 1982. Amfanin ya fito fili a 1983, lokacin da Russell Doolittle ya gano cewa ƙwayar da wata ƙwayar cutar birai ke haddasa sankara da ita kusan daidai take da furotin da ke sa ƙwayoyin jikinmu su hayayyafa. Daga 1990 manhajar BLAST, mai laluben jeri masu kama da juna a cikin rumbu, ta hanzarta wannan aiki ƙwarai.

Duk da haka, a ganina babban ginshiƙin wannan sana'a shi ne bambancin da Walter Fitch ya shimfiɗa a 1970. Ya nuna cewa zumuncin ƙwayoyin gado iri biyu ne. Akwai waɗanda suka rabu saboda jinsin halittar ya rabu gida biyu, kamar sarƙar alfa ta hemogulobin a mutum da ta ɓera. Akwai kuma waɗanda suka rabu saboda ƙwayar ta kwafi kanta a cikin zuriya ɗaya, kamar alfa da beta a jinin mutum. Na farko sukan riƙe aikinsu na asali, kwafi kuwa yakan samu sararin kama wani aiki dabam. Lisozayim da ke cikin hawaye yana fasa bangon bakteriya, ɗan'uwansa alfa-laktalbumin kuma yana taimakawa wajen haɗa sukarin nono, alhali kakansu ɗaya.

Wani zai ce ai lissafin BLAST ya raba gardama, tunda yana faɗin ko kamannin da aka gani na iya zama dace kawai. Gaskiya ne yana tabbatar da cewa akwai dangantaka, kuma dabarar duba ko ƙwayoyi biyu kowacce ita ce mafi kusa da ɗayar, wadda Tatusov, Koonin da Lipman suka gina rumbun COG a kanta a 1997, tana aiki a mafi yawan lokuta. Amma kama da wane ba wane ba ce. Idan wani jinsi ya yi asarar ƙwayarsa ta asali ya bar kwafin, kwamfuta za ta miƙo kwafin a matsayin mafi kusa, mai bincike ya liƙa masa aikin da ba nasa ba, kuskuren kuma ya yaɗu daga wannan rumbu zuwa wancan. Shi ya sa rumbuna irin su Ensembl suke zana bishiyar zuriyar kowace ƙwaya, su gwada ta da bishiyar jinsunan halittu, kafin su ce ga inda aka yi kwafi, ga inda jinsi ya rabu.