Masomi: Kamfanin Da Ya Maido Wa Ginin Ƙasa Martabarsa

Duk wanda ya daɗe a Badawa ya ga yadda gidajen ƙasa suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, bulo da siminti da kwano suka gaje su. Amma da zarar bazara ta kama, sai ka ga maigida ya ɗauki tabarma ya yi waje, domin ɗakin ba ya shiguwa. Alhali nan kusa da mu a Nasarawa ga Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ginin ƙasa ne, yana nan tsaye, ga shi da sanyi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa masu karatu tarihin wani kamfanin zanen gine-gine da tsara birane na maƙwabtanmu a Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi suna a duniya da abin da mu muke rainawa.

Sunan kamfanin Atelier Masomi. Kalmar farko Faransanci ce mai nufin ma'aikata, ta biyu kuwa Hausa ce tsantsa, wato mafari. Wadda ta kafa shi ita ce Mariam Issoufou Kamara, wadda aka haifa a 1979. Ilmin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, har ta yi shekaru tana aiki da shi, sa'an nan ta ajiye ta koma makaranta. Ta kammala digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Washington a 2013, a 2014 kuma ta buɗe kamfaninta a Yamai.

Aikin da ya fara fito da ita shi ne rukunin gidaje 6 da ake kira Niamey 2000, wanda ta yi tare da wasu abokan aikinta, aka kammala a 2016. An gina su da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, ba a gasa shi. Katangar ƙasa mai kauri takan tsare zafin rana ta hana shi kutsawa ɗaki da wuri, saboda haka buƙatar na'urar sanyaya ɗaki ta ragu. Bugu da ƙari, ba a manta da tsakar gida da sirrin iyali ba, kamar yadda muka gada.

Daga nan sai aikin Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Masallacin Juma'ar garin ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na garin Yama ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe shi, sai Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi a mayar da shi laburare, a gina sabon masallaci mai cin mutum 1,000 a kusa da shi. Aka gayyato maginan gargajiya suka yi aikin tare. Su suka kawo sanin ƙasa da ɗaurin rufi, kamfani ya kawo zane da lissafi. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Tun kafin a kammala shi, zanen ya ci lambar zinariya ta gasar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. A 2018 ɗin dai kamfanin ya gina wa garin kasuwa, inda aka kewaye wata tsohuwar itaciya da rumfuna, aka yi musu inuwa da faifan ƙarfe masu launi iri-iri.

Bayan Dandaji sai ƙofofi suka buɗe. Aka ba kamfanin zanen cibiyar al'adu ta Yamai, da cibiyar tunawa da mulkin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf a Laberiya, da wani gidan tarihi a Senegal. Ita kuma Mariam ta zama farfesa a jami'ar fasaha ta Zurich da ke Suwizalan. Daga baya an sauya wa kamfanin suna zuwa Mariam Issoufou Architects.

Abin lura shi ne, wannan bunƙasa ba da kwaikwayon gine-ginen Turai aka same ta ba, da komawa ga magina aka same ta. Mu ma muna da namu. Babban Gwani Mikaila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, a Kano kuma akwai sarautar Sarkin Magina. To amma ilmin kwaɓa ƙasa, da jera azara, da ɗaurin guga, da shafen makuba, yawancinsa a kan dattawa yake, kuma kullum raguwa suke yi. Ya 'yan'uwa marubuta, mu nemi waɗannan dattawa mu zauna da su, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. In mun yi sakaci, wata rana sai mun je Dandaji koyon abin da kakanninmu suka bari a Kano. Allah Ya sa mu dace, amin.