Jinin Ɗan Dambe: Daga Ƙaho Zuwa Kwalba

Tun kafin fadar Katagum ta dawo Azare a 1916, mutum biyu ne ke karɓar ɗan dambe in an tashi daga fili. Karaya da targaɗe na maɗori ne. Tsamin jiki da nauyin kafaɗa kuwa sai mai zabira.

Kakana wanzami ne, kuma da kaka, in amfanin gona ya shigo gida kalangu ya fara tashi, zaurensa ba ya rabo da samarin mahauta. Dambe dai wasansu ne, ƙahon ma daga mahautarsu yake fitowa. Zai kafa shi a gadon baya, ya zuƙe iska, ya toshe bakin da kaki. In fata ta tasa sai ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar. Can ya juye abin da ya taru a ƙasa, ya tona da tsinke, ya ce: "Ka gani ko, yaro? Mataccen jini ne. Kada in ji ka ɗaure hannu sai kasuwa ta zagayo."

A ganina karatun nan ba daidai ba ne, Allah ya jiƙan tsoho. Duk jinin da ya fito ya zauna sai ya daskare ya yi duhu, ko na wane ne. Hutun da yake tilasta musu, da gashin ruwan zafi da romo, su ne maganin.

Yau Azare har jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya gare ta tun 2021, jini kuma a kwalba ake kai shi ɗakin gwaji. Sai dai takardar ma tana ruɗin wanda bai san mai jinin ba. Awon PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyin jini, na lafiyayyen namiji yakan kama daga wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Wanda ya gama zufa a zafin Afrilu bai sha ruwa ba, nasa zai hau. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, nasa zai sauka. Sinadarin CK, mai nuna gurzuwar tsoka, kan yi kwanaki a sama bayan dambe mai tsanani ba tare da wata cuta ba. Irin wannan ne ya sa hukumar WADA, mai yaƙi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta fito da tsari a 2009 na gwada jinin ɗan wasa da nasa na baya.

Ƙaho kuma bai mutu ba. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio, duniya ta ga shatinsa a kafaɗar Michael Phelps, gwanin ninƙayan Amurka, illa dai nasa ba tsaga.