Yara masu aikin ƙarfi: su wane ne, wane aiki suke yi?

Ya kai mai karatu, ba kowane aiki ne yake cutar da yaro ba. Yaron da ya ba tumaki dusa bayan ya taso daga makaranta, tarbiyya yake samu. Aikin da ake nufi a nan shi ne wanda ya fi ƙarfin yaro, ko ya hana shi karatu, ko ya taɓa lafiyarsa.

Su wane ne?

Bisa ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF, yara kimanin miliyan 138 ne suke irin wannan aiki a duniya a shekarar 2024, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna Afirka kudu da Sahara. Yawancinsu ƴaƴan karkara ne, daga gidajen da rumbu yake ƙarewa kafin kaka. Akasari ba baƙo ne ya ɗauke su aiki ba. Gidansu suke yi wa, kuma ba a biyansu.

Wane aiki suke yi?

Kashi 61 cikin 100 suna noma, kiwo da kamun kifi. A nan Nijar za ka gan su a gonar gero, ko bayan garke, ko suna talla a tasha. Wasu suna ramukan zinariya irin na Komabangu, cikin ƙura da haɗarin ruftawar ƙasa. Aikin ƴan mata ya fi ɓoyuwa: daka, ɗiban ruwa, reno, da aikatau a gidajen Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Me doka ta ce?

Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 a shekarar 2000, wadda ta hana sa duk wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari. Dokar ƙwadago ta 2012 kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki.

Ka duba gidanka

Tambayi kanka abu uku. Aikin yana hana ɗanka zuwa makaranta? Yana hana shi barci da hutu? Yana ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa, ko yana taɓa maganin ƙwari? In amsar ɗaya ta zama e, to a rage masa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in aka matsa masa, karyewa yake yi.